Filin Ƙofar Mata: ƙwallo, gangami da gadajen jinya

Daga Kabara zuwa Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Ranar da Kano Pillars ke da wasa, tun azahar samarin unguwa ke kama hanya, ana "Sai Masu Gida", masu gurasa da ruwan leda sun riga kowa kafa tire a bakin filin wasa na Sani Abacha.

Filin ya ga jiya. A nan aka buga wasu wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da na kofin Afirka a 2000, da na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009. Rufaffen ɗakin da ke harabarsa kuwa, yau ƙwallon kwando, gobe gangamin siyasa, jibi taron wa'azi.

Amma 2020 ce ta nuna iyakar abin. Da korona ta shigo Kano, Gidauniyar Aliko Dangote ta kafa cibiyar killace masu cutar a cikin filin. Ba wanda zai ce ba a kyauta ba. Rai ya fi ƙwallo. Sai dai Masu Gida sun wayi gari ba gida, suka koma karɓar baƙi a filin Ahmadu Bello na Kaduna. Mai gurasa ba ya bin ƙungiya zuwa Kaduna.

A Turai tun a zane ake maganin wannan. Filin Tottenham da aka buɗe a Landan a 2019 ana janye ciyawarsa sukutum a ɓoye ƙarƙashin kujerun 'yan kallo, sai wani dandamali ya bayyana na ƙwallon Amurka da bikin mawaƙa. Kowane taro da kuɗin da yake shigarwa. Namu kuwa na gwamnatin jiha ne, ita ke gini, ita ke gyara, galibi sai babbar gasa ta ƙarato ake tunawa da fenti. A ganina ba ciyawa mai tafiya muke buƙata ba. Lissafi muke buƙata: duk wanda ya ari filin, ɗan siyasa ne ko malami, ya biya, kuɗin kuma su tsaya a asusun gyara.

Kafin nan, yaran Kabara na nan a lungu da duwatsu biyu a madadin raga. In mai adaidaita ya danno kai, sai gola ya ɗauke dutsensa, a jira ya wuce.