Ciwon gwiwa na tsufa: Nawa ne gado, nawa ne wahalar aiki?

A Wudil, idan dattijo ya fara dafa bango kafin ya miƙe daga sallah, sai a ce sanyin ƙashi ne, ko kuma a ce gadon gidansu ne. Maganar gadon tana da ƙamshin gaskiya, amma rabinta ne kawai.

Cutar da likitoci ke kira osteoarthritis tana samuwa ne idan guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙasusuwa ya zaizaye, har ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 528 ne ke fama da ita a 2019, kashi 60 cikin ɗari mata.

Binciken da aka yi kan tagwaye mata a Ingila a 1996 ya nuna cewa gado na da kaso 39 zuwa 65 cikin ɗari na bambancin haɗarin kamuwa a hannu da gwiwa. Sai dai ba ƙwayar halitta ɗaya ke jawo ta ba. A 2007 masana a Japan suka gano alaƙarta da GDF5, wadda ke taimakawa wajen gina gaɓoɓi, kuma a 2021 wani nazari kan mutum sama da 800,000 ya lissafo wurare 100. Kowanne ɗan ƙaramin ƙari yake yi. Mafi yawan waɗanda aka gwada Turawa ne, don haka bai kamata a ɗora sakamakon kacokan a kan Bakano ba.

Sauran rabin yana cikin rayuwa: shekaru, ƙiba, tsohuwar karaya ko targaɗe, da aikin durƙuso da ɗaukar nauyi, irin na masu ɗibar yashi a Kogin Wudil. 'Yan'uwa biyu na iya gadon rauni iri ɗaya, amma gwiwar mai dakon yashi ta riga ta mai zaman shago lalacewa.

Gadon da ya fi shafar mu a nan shi ne sikila. Tana toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, ƙashin ya mutu, mahaɗar ta lalace tun mutum yana saurayi. Mai sikila da ya fara ɗingishi ko jin ciwo a matsematsi yana bukatar hoton ƙashi da wuri, kuma Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano na duba irin wannan.