Ƙaramar kwamfuta mai arha: ta isa ta riƙe lissafin shago?

Duk wanda ya zaga wurin masu sayar da kayan waya da na lantarki, ko a Babbar Kasuwar Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram da Tawa, ya san ta. Ƴar ƙaramar kwamfutar nan ce, ko odinatar kamar yadda muka fi kiran ta, wadda ake rufewa kamar littafi, faɗinta bai wuce babban kaye na ɗan lakwal ba. Masu sayarwa na ce mata "mini". Tana shiga jakar hannu ta Hajiya, tana shiga ƙarƙashin hammatar Alhaji bisa kabu-kabu, kuma kuɗinta bai kai na manyan ba. Tambayar da ke gaban ɗan kasuwa ita ce: in an taɓa uwar kuɗi an saye ta, za ta biya buƙata, ko kuwa za ta koma abin wasan yara a gida bayan wata uku?

Kafin a ba da amsa sai an rarrabe, don kuwa iri-iri ne ake sayarwa da suna guda. Kakar su duka ita ce Eee PC 701, wadda kamfanin Asus na Taiwan ya fito da ita a ƙarshen shekarar 2007. Ekaran ɗinta inci 7 ne, nauyinta bai cika kilo ɗaya ba, ma'ajiyarta jiga 4 kacal, an kuma sayar da ita dalar Amurka 399, wajen jika 180 na sefa a canjin wancan lokaci. Duniya ta yi rububinta. A 2008 Acer ya biyo baya da Aspire One, sauran kamfanoni suka bi sahu, akasarinsu da injin Intel Atom da memuwar jiga 1. Amma kasuwar ba ta daɗe ba. Wayoyin zamani da tablet suka cinye ta, kuma zuwa ƙarshen 2012 Asus da Acer sun daina ƙera irin wannan. To, ragowar waɗannan ne ke shigo mana a cikin kayan okaziyon, an goge su fes, an sa musu sabuwar leda. Duk wadda aka nuna maka ka ga an rubuta Atom N270 ko N450 a jikinta, ka san shekarunta sun kai 15 ko sun zarce. Windows XP da ta zo da shi, Microsoft ya daina kula da shi tun Afrilun 2014, Windows 7 kuwa tun Janairun 2020. Ko kyauta aka ba ka, kar ka ɗora mata lissafin dukiyarka.

Wadda za mu auna yau ita ce ta bayanta, mai ekaran inci 11.6, kuma za mu ɗauki HP Stream 11 a matsayin misali, don ita ce uwar wannan zubi, ƴan uwanta na Asus da Lenovo da Acer duk kusan hali ɗaya ne. Ta fito a 2014 a kan dala 199, kimanin jika 100 a lokacin, kafin kuɗin jirgi da duwan da ribar mai kawowa. Ta farkon tana da injin Celeron N2840, memuwar jiga 2, ma'ajiya jiga 32, nauyi kilo ɗaya da ɗan ɗoriya. Na baya-bayan sun zo da Celeron N4000 ko N4020, memuwar jiga 4, ma'ajiya 32 ko 64. A ido ba ka bambance su. Lambobin nan su ne bambancin, kuma su ne kuɗinka.

Mu fara da alherinta. Na farko, ba ta da fanka a ciki. Wanda bai san abin ba zai ɗauka ragi ne, alhali a ƙasarmu riba ce. Babbar kwamfuta tana zuƙar iska don ta sanyaya injinta, iskar kasuwa kuwa a lokacin hunturu rabinta ƙura ce. Fanka ta cushe, inji ya yi zafi, sai a wurin mai gyara. Ita wannan injinta ba ya cin wuta sosai, N4020 wat 6 aka ƙiyasta masa, ƙasa da ƙwan fitila na zamani, don haka ba ya buƙatar fanka. Ba ta ƙara, ba ta shaƙar ƙura, kuma babu faifai mai juyawa a cikinta da girgizar mota kan hanyar laterit za ta lalata. Ga mai tafiya saro kaya, ko mai bin kasuwannin mako, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu shi ne batir, kuma a nan ne nake ganin ta fi cin kuɗinta. HP ya ce sabuwa tana kai wajen awa 8. Ba sai an gaya ma mutumin Maraɗi ko Damagaram amfanin wannan ba. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin 100 na kuran da ƙasar nan ke sha daga Nijeriya yake zuwa, yankin Yamai ta layin Birnin Kebbi, Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa. Da aka yanke shi a watan Agustan 2023, sai a Maris na 2024 ya dawo, kowa ya ga yadda masu firiza da masu fotokopi suka kwana. Na'urar da za a yi ma sharji da dare ta kai ka har la'asar, wadda kuma ɗan ƙaramin pano na rana da batir ɗinsa ke iya ciyarwa ba sai an tada gurup ba, ta dace da mu. Sai dai a kula: awa 8 ɗin nan na sabuwa ne. Batir yana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufansa. Masu ƙera kwamfuta suna cewa a yi aiki da ita a zafin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna haura 40. Kar a bar ta cikin motar da aka rufe, kar a aza ta bisa buhu ko katifa, kuma rumfar kwano da tsakar rana ba wurinta ba ne.

To, wane aiki take iyawa? Lissafi. A buɗe Excel, ko LibreOffice wanda kyauta ne, a ja layi: sunan mai karɓar kaya, turmi nawa ya ɗauka, nawa ya biya, nawa ya rage. Ita ke tarawa, ita ke cirewa, in ka gyara lamba guda sauran duk su gyaru da kansu. Hajiya mai mutum 60 da ke karɓar atamfa bashi su biya kaɗan-kaɗan, ko uwar adashe mai riƙe da zubin mata 30, ko mai sarin hatsi da ke son sanin nawa tiya ta tsaya masa bayan kuɗin mota da na ƴan dako, duk wannan ƙaramar na'ura tana yi musu shi ba tare da ta yi nishi ba. Tana rubuta faktir da wasiƙa, tana karanta takardun da aka aiko daga Kwatano ko Lome ko Dubai, yaro ya koyi buga rubutu a kanta da dare. Mu ma a aikin rediyo irinta na isa a yanka murya a haɗa rahoto. Amma wanda ke son haɗa bidiyon biki, ko ya buɗe shafi goma na intanet lokaci guda, zai zauna yana kallon ɗan zoben nan na juyawa har shayinsa ya huce. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Ma'ajiyar da ke cikinta, wadda ake ce ma eMMC, irin ta cikin wayar salula ce, kuma liƙe take da allon injin. Memuwar ma haka. Ma'ana, yadda ka saye ta haka za ka rabu da ita. Mai gyara ba ya iya ƙara mata memuwa kamar yadda yake ma babbar kwamfuta. Mai jiga 32, Windows kaɗai ya cinye fiye da rabi, kuma duk lokacin da ya tashi sabunta kansa sai ya ce wuri bai isa ba. Wannan ciwo ne da aka san irin waɗannan na'urori da shi. Bugu da ƙari, Windows 10 ya fita daga kulawar yau da kullum ta Microsoft ranar 14 ga Oktoban 2025, shi kuwa Windows 11 ba ya karɓar ƙasa da memuwar jiga 4 da ma'ajiya jiga 64, kuma injin N2840 ba ya cikin waɗanda ya yarda da su. Ke nan Stream ta 2014 ta bi sahun kakanninta, sai dai in akwai wanda zai sa mata Linux mara nauyi ya kuma zauna ya koya maka. A ganina, ƙasa da 4 da 64 ba ciniki. A riƙe lambobin nan biyu kamar yadda ake riƙe farashin buhu.

Liƙewar ma'ajiyar nan tana da wani haɗari da ya fi jinkiri muni, kuma masu sayarwa ba su cika faɗinsa ba. Babbar kwamfuta in ta mutu, ana ciro faifanta a sa a wata, a kwashe abin da ke ciki. Wannan kuwa, in ruwa ya shige ta, ko kuran ya dawo da ƙarfi ya ƙone allon, lissafin ya tafi tare da ita. Ciro shi aiki ne da ba kowane mai gyara ke da kayan yinsa ba. A yi tunanin bashin jika ɗari takwas a hannun mutane daban-daban, shaidar kuma tana cikin na'urar da ta ƙi tashi. Wa zai zo da ƙafarsa ya ce ana bin sa? Saboda haka duk ranar da aka rufe shago a kwafe lissafin a kile, a ajiye kile ɗin wani wuri dabam, ba cikin jakar da kwamfutar take ba, don ɓarawo jaka yake ɗauka gaba ɗaya. Ƙarshen wata a kai a buga shi bisa takarda. Kaye da bik kuma kar a jefar da su, musamman inda ake son mai karɓar bashi ya sa hannu.

Akwai maganar kilabiye, wadda mutane ba su lura da ita sai sun kai gida. Kayan da suka biyo ta Kano, ko suka fito daga Amurka da Dubai, jerin baƙaƙensu na Ingilishi ne, layin sama ya fara da Q, W. Na Faransa ya fara da A, Z, kuma a kansa ne ake samun é da è da ç da ake buƙata wurin rubuta takarda da Faransanci. Ana iya juya shi a cikin Windows, amma sai ya zamana abin da ke rubuce bisa maɓalli daban, abin da ke fitowa daban, mai koyo ya rikice. Wanda ya saba da ɗaya ya nemi irinsa. Mu masu rubuta Hausa dai ko wanne muka ɗauka sai mun nemo ƙ da ɗ da ɓ da ƴ ta wata hanya. Maɓallan ma sun ɗan matsu, kuma babu jerin lambobi a gefen dama irin na kalkuleta, abin da mai shigar da lissafi da yawa zai yi kewa. Ana sayar da ɗan kilabiyen lambobi daban da ake jonawa. A duba bakin sharja kuma: mai ƙafa uku irin na Nijeriya ba ya shiga firiz ɗinmu mai rami biyu sai da adafta. Ekaran ɗin yana da kyau a inuwa, a rana kuwa sai ka yi ta karkata shi kana kare shi da hannu.

Wata da ke kama da ita sak, har a kan rikita su, ita ce Chromebook. Ba Windows ke cikinta ba, tsarin Google ne, yawancin aikinta da intanet ne, kuma waɗanda aka kwaso daga makarantun Amurka wasu na zuwa a kulle da sunan makarantar. In ka buɗe ta nemi adireshin wata makaranta, maida ma mai ita. Batun intanet kuwa, ita Stream ɗin da aka fi samu ba ta da wurin sa sim, sai an raba mata daga waya. Windows yana da kwaɗayi: in ba a nuna masa cewa layin na awo ba ne, zai kama sabunta kansa ya cinye forfe na mako cikin dare guda.

Ranar saye, Alhaji, kar ka tafi kai kaɗai in ba ka san kan abin ba, kuma kar ka yarda da takardar da aka manna a jikinta. A kunna a gabanka, a shiga inda Windows ke faɗin injin da memuwa da ma'ajiya, ka gani da idonka. A cire sharja a bar ta tana aiki rabin awa kuna gaisawa, ka ga nawa batir ya sauka. Wanda ya raka ka, in ya iya, ya rubuta powercfg /batteryreport. Zai fito da ƙarfin da aka ƙera batir ɗin da shi da abin da ya rage masa yanzu. In ka ga bayanta ya kumbura ko wurin taɓawa ya ɗago, batir ne ya kumbura, a bar ta. A danna kowane maɓalli, a gwada kowane rami da kile, a buɗe a rufe a ji ko maƙallan sun saki, don jikinta roba ce kuma a nan take fara karyewa. Office ɗin da Stream ke zuwa da shi na shekara ɗaya ne, a hannu na biyu ya riga ya ƙare. Garanti kuma a rubuta shi bisa faktir, ko da na mako biyu ne.

Sauran magana ita ce ta farashi. In kuɗin da aka sa ma mini ya kusa kai na babbar okaziyon irin ta ofis, ThinkPad ko Latitude mai Core i5 na ƙarni na 8 zuwa sama, kuma kai a shago kake wuni ba yawo kake ba, ɗauki babbar: ta fi ƙarfi, ana canza mata faifai da memuwa da batir, kayan gyaranta sun fi samuwa. Mini ta mai tafiya ce, da wanda kuran bai isa wurinsa kullum ba. Ke kuma Hajiya mai tumatir da tattasai, wadda cinikinki hannu da hannu ne, masu bashinki ba su wuce biyar ba kuma duk kin san ƙofar gidajensu, wayar da ke hannunki da kaye sun ishe ki. Bar kuɗin a cikin kwando.