Me Ke Kawo Ɗan Shiru Tsakanin Waƙa Da Waƙa A Mota?

Duk direban da ke sauraren doguwar waƙa ko karatu da aka yanka gunduwa-gunduwa a filashi ya san ɗan shirun nan mai katse jin daɗi. Tushen matsalar shi ne tsarin fayil na MP3. Yana ɗaure sauti ƙunshi-ƙunshi, kowanne ɗigon sauti 1,152, sai ya cike farkon fayil da ƙarshensa da shiru. Manhajar LAME mai haɗa MP3 kan rubuta tsawon cikon a jikin fayil, amma rediyoyin mota da yawa ba sa kula shi. Fayilolin FLAC da WAV ba su da ciko, sai dai rediyon kan yi nawa kafin ya buɗe na gaba. Mafi sauƙi, a haɗe gunduwoyin su zama fayil guda.