CIWON BAYA: GYARAN HANNU YANA DA IYAKA

Ciwon baya ba baƙo ba ne a karkara. Mai noman duƙe yana wuni sunkuye da kalme. Mace tana daka, tana jan guga, tana ɗauko itace daga daji. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce a shekara ta 2020 mutum miliyon 619 ne suka yi fama da ciwon ƙugu a duniya.

A ƙasashen Turawa akwai masu sana'ar gyaran baya da hannu, ana ce mata kiropiratik. Wani mutum mai suna Daniyel Palma ya soma ta a garin Dabenpot na Amurka a 1895, ya buɗa mata makaranta a 1897. Mai wannan aiki ba ya tsaga, ba ya allura. Yakan kwantar da mutum, ya danna gaɓoɓin ƙashin baya da hannu, har wani lokaci a ji sun yi ƙas.

Palma ya ce yawancin cututtuka daga gocewar ƙashin baya suke fitowa. Binciken likitoci bai gaskata wannan magana ba. Abin da aka gano shi ne, gyaran hannu yana iya rage ciwon ƙugu irin na gajiya. Ba ya maganin masassara, ko tari, ko hawan jini. A 2023 OMS ta sa shi cikin dubarun da za a iya gwadawa ga ciwon ƙugu mai daɗewa, tare da tausa da motsa jiki.

Ko ba mai kiropiratik a ƙauye, manomi yana iya kiyaye bayansa. In zai ɗaga buhun hatsi, ya lanƙwasa gwiwa, ya jawo buhun kusa da jiki, kada ya murɗa ƙugu. In kaya sun yi nauyi, a kama mutum biyu. Mai noma ya riƙa miƙewa lokaci-lokaci. In ciwo ya taso, kada a kwanta kwana da kwanaki. Tafiya sannu-sannu ta fi kwanciya.

Amma akwai bayan da ba a taɓawa. In ciwon ya zo da zazzaɓi, da rama, da zufar dare, ko ƙusumbi ya soma fitowa, yana yiwuwa tarin fuka ne ya kama ƙashin. In ƙafafu suna mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, ko mutum ya faɗo daga amalanke, kada a danna, kada a sa yaro ya taka, kada a tsaya wajen wanzami. Danna ƙashin da cuta ta ci yana iya gurgunta mutum har abada. A kai shi likita nan da nan. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar.

Bayan magidanci shi ke cika rumbu. Wanda ya kiyaye shi bana, shi ke da ƙarfin noma baɗi.