Sabon Kati, Tafiyar Hawainiya

Sau da yawa mai gyaran hotuna kan zuba kuɗi ya sayi sabon katin hoto, amma ya tarar Photoshop ta ƙara nawa. Ina gizo yake saƙar?

Da farko a dubi wayar allo. Idan a babban faifan kwamfuta aka jona ta maimakon jikin katin, yawanci katin zaman banza yake yi. Na biyu, direban tsohon kati, wato manhajar da ke isar masa da umarni, kan ci karo da sabo. Sai a goge shi, a ɗora na kamfanin katin, NVIDIA ko AMD. Na uku, tun 2008 Photoshop ke iya aiki da katin hoto, amma a tabbata zaɓin a kunne yake.

Idan nawar ta ci gaba, a bincika RAM. In ta yi kaɗan, ƙarfin kati ba zai cike gurbinta ba.