Wutar da ba ta ƙuna: plasma mai sanyi a ɗakin tiyata

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin tiyata ya san wannan warin. Likita ya taka feda, na'ura ta yi ƙara, ɗan hayaƙi ya tashi, sai ka ji ƙauri kamar ana babbakar kan rago. Wuƙar lantarki ke nan, wadda William Bovie ya ƙera, likitan ƙwaƙwalwa Harvey Cushing kuma ya fara aiki da ita a Boston ta Amurka a 1926. Tana yanka tana tsayar da jini lokaci guda. Aibinta shi ne zafi: bakinta kan kai digiri 400 ko fiye, saboda haka naman lafiya da ke gefe ma sai ya sha wuta, kuma wannan ƙunar na ƙara wa majinyaci raɗaɗi bayan an gama aiki.

Neman mafita daga wannan ne ya kai masana ga plasma. Kada a haɗa ta da ruwan jini, suna ne kawai ya zo ɗaya. Ƙanƙara in ta ji zafi ta zama ruwa, ruwa ya zama tururi. Idan aka ci gaba da ɗura wa iska ƙarfi har ƙananan ƙwayoyin da ake kira elektiron suka ɓalle daga jikin atam, an samu plasma. Walƙiya plasma ce, rana ma haka. Irving Langmuir ne ya raɗa mata sunan a 1928.

To ta yaya dangin walƙiya zai yi sanyi? Dubi tartsatsin mai walda. Yakan faɗo maka a hannu yana ja zur, amma da yake ba shi da nauyi, zafin da yake ɗauke da shi kaɗan ne. Haka elektiron suke a cikin plasma mai sanyi: su suna tafasa, sauran iskar kuwa, argon ce ko hiliyom, ba ta wuce digiri 40 ba. Abin da ke aiki a nan sinadarai ne. Harshen plasmar na cakuɗuwa da iskar ɗaki ya haifar da sinadaran oksijin da naitirojin masu kaifi, waɗanda ke fasa fatar ƙwayoyin cuta, har da masu taurin kan da suka gagari magunguna.

Inda abin ya fi zaunawa da gindinsa shi ne gyambo. A garin Greifswald na Jamus aka ƙera kINPen MED, wata na'ura mai kama da alƙalami, aka ba ta izinin aiki a Turai a 2013. Ɗan siririn haske mai launin shuni ke fitowa daga bakinta, tsawonsa bai kai gaɓar yatsa ba. Mai jinya na bi da shi a hankali kan bakin ciwon, ba allurar kashe zafi, ba jini. Wani gwaji da aka yi a Jamus kan masu ciwon suga da ke fama da gyambon ƙafa, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna ciwon da aka bi da plasma ya fi saurin tsukewa. Wanda ya san yadda ɗan ƙurji a yatsan mai suga ke ƙarewa da yanke ƙafa ba zai raina wannan ba.

A wajen yanka kuwa, kalmar "sanyi" sai an yi mata uzuri. Hanyar da ake kira Coblation, wadda ake cire ƙululun maƙogwaro na tonsil da ita (ba belun da wanzamai ke cirewa ba, wannan daban), tana aiki ne tsakanin digiri 40 zuwa 70. Ana tura lantarki cikin ruwan gishiri, plasma ta taru a bakin na'urar ta narkar da nama. Sanyi ne idan aka gwada da 400, amma ba wanda zai sa yatsa a ciki. Da ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi kan wannan hanyar a 2017, ta ga raguwar raɗaɗin ba ta taka kara ta karya ba, hujjojin ma ba su da ƙarfi. A 2022 kuma hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta ja kunnen likitoci kan amfani da na'urar plasma mai suna Renuvion wajen gyaran fata ta hanyoyin da ba ta amince da su ba, bayan rahotannin ƙuna.

Sai batun ciwon daji, wanda nan ne 'yan talla suka fi cika baki. A ɗakin gwaji an ga plasma tana kashe ƙwayoyin daji fiye da na lafiya. Likitan fiɗa Jerome Canady ya gwada fesa ta a gurbin da aka cire ƙari, don ta share ragowar da ido ba ya gani. Mutum 20 ne kacal a gwajin, a Chicago da Isra'ila, kuma tambayar da aka je amsawa ita ce ko abin na cutarwa. Tasirin plasmar bai wuce 'yan milimita cikin nama ba, saboda haka ƙarin da ke can ciki har gobe wuƙa ce ke fara isa gare shi.