Ƙwayoyin da Ke Cin Dauɗar Masana'antu da Makomar Kogin Usuma

Kogin Usuma ba ya isowa Gwagwalada da tsabtar da ya baro madatsarsa ta wajen Ushafa da ita. A hanya yakan karɓi ruwan kogin Wupa, wanda ya biyo ta yankin masana'antu na Idu. Da ya shigo gari kuma sai na kwatami da na mayanka su same shi, jini da wankin tumbi, kafin ya gangara ya faɗa Gurara. A gaɓar wannan ruwa ake wanki, da shi masu noman rani ke ban-ruwan alayyafo da tumatir.

Jini, kitse, sitaci da sukari duk abinci ne ga ƙwayoyin bakteriya. Idan aka zuba su a kogi da yawa, ƙwayoyin sai su hayayyafa, su shanye iskar oksijin da ke narke a cikin ruwan. Shi ya sa kifi ke tasowa ciki a sama, ruwa ya yi baƙi, ya riƙa warin ruɓaɓɓen ƙwai. Dabarar masana ita ce a killace waɗannan ƙwayoyi a cikin tanki, su cinye dauɗar tun ba ta kai kogi ba. Kiwo ne sosai: sai an ba su abinci daidai ƙima, an kiyaye su daga guba, an rage su idan sun yi yawa.

Hanyar wannan kiwo da ta fi shahara, a Manchesta ta Ingila aka gano ta a 1914, a hannun Edward Ardern da William Lockett. Ita ake amfani da ita a matatar Wupa da aka buɗe a 2007 domin ruwan najasar birnin Abuja. Injuna ne ke kaɗa ruwan dare da rana don iska ta shige shi, ka gan shi ruwan ƙasa-ƙasa yana kumfa. Daga nan a tura shi wani tanki mai faɗi inda zai natsu. Taɓo ya kwanta a ƙasa, garau ɗin ya malala ta baki. Wannan taɓo shi ne ƙwayoyin kansu, don haka akan mayar da wani kaso baya ya ci gaba da aiki. Wannan hanya tana tace ruwa ƙwarai, amma makamarta wutar lantarki ce, kuma kaɗa ruwan kaɗai kan cinye fiye da rabin wutar da matata ke sha. Idan injin ya daɗe a tsaye ƙwayoyin su shaƙe, kafin su farfaɗo sai an yi makonni. Mai ƙaramar masana'anta da ke lissafin kuɗin dizal kullum, ba sai an faɗa ba, injin tace ruwa zai fara kashewa.

A ganina hanyar da ta fi dacewa da Gwagwalada ita ce ta ƙwayoyin da ba sa buƙatar iska. A rufaffen tanki suke aiki, kuma sun fi kuzari idan ɗumi ya kai wajen digiri 35. A Turai sai an kashe kuɗi wajen ɗumama tankin. Mu kuwa zafin Gwagwalada da kowa ke kuka da shi a watan Maris ya kusa ɗauke mana wannan nauyi. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Gatze Lettinga, ya inganta tsarin a shekarun 1970, yadda ruwan zai shigo ta ƙasa ya ratsa curin ƙwayoyin ya fita ta sama. Suna cin dauɗar suna fitar da gas mai kama wuta. A mayanka, wannan gas zai iya tafasa ruwa, ya kuma rage babbakar ganda da tsofaffin tayoyi.

Sai dai ruwan da ya fito daga nan bai gama tsarkaka ba. Akan ƙarasa shi a jerin tafkuna marasa zurfi, irin waɗanda Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe da su a Samaru, inda rana da gansakuka ke samar da iska kyauta. Ko a bi da shi ta fadamar da aka shimfiɗa wa tsakuwa aka dasa kachala, ciyawar nan da ta addabi manoman Haɗeja da Nguru, saiwarta ta tsotse abin da ya rage. Matsalar tafki fili ne, ga sauro idan aka bar ciyawa ta rufe bakinsa.

Akwai abin da ƙwaya ba ta ci. Sinadarin kuromiyam da majemun zamani ke jima da shi a Challawa, Sharaɗa da Bompai ta Kano ƙarfe ne, ba ya ruɓewa, kuma idan ya yi yawa yakan kashe ƙwayoyin. Dole a fara cire shi a cikin masana'anta, da farar ƙasa ko makamancinta, kafin ruwan ya shiga tanki. Doka ta ɗora wannan nauyi a kan mai masana'anta, kuma hukumar NESREA da aka kafa a 2007 ce ke da alhakin sa ido.

Saura taɓon da ke taruwa. Akan shanya shi a kan yashi har ya bushe ya tsattsage. Na mayanka da na masana'antar abinci, idan ya ruɓe sosai, taki ne da manoman Gwagwalada za su saya. Na majema da na masu rini da fenti bai kamata ya kusanci gona ba, rami na musamman da ba ya yoyo ake binne shi.